Fistin Ya Ƙi Komawa Gida: Rajistar Aikin Canza Fad ɗin Birki

Asabar, 8 ga Maris

Mako biyu ke nan motar tana min wani siririn kuka duk lokacin da na taka birki a hankali, kamar ana jan farce a jikin kwano. Yau na ɗaga ta, na sa mata madogaran ƙarfe a ƙasa, na cire tayoyin na leƙa. Fad ɗin gaba sun cinye, abin da ya rage bai wuce milimita 3 ba, har ɗan harshen ƙarfen nan da ake maƙala wa fad don ya yi ƙara idan ya kusa ƙarewa ya fara gogar dis, faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Na baya suna da ɗan saura, wajen milimita 4, amma tunda zan ɓata hannu, gara in yi gaba ɗaya.

Canjin fad ɗin kansa ba ya ba ni tsoro. Noti biyu ne, ka ɗaga kalifa, wato ƙarfen da ke rungume da dis yana matsa masa fad, ka zare tsofaffi, ka zura sababbi. Inda nake shan wuya kullum shi ne mayar da fistin, wanda man birki ke turowa ya danna fad, cikin kalifa. Sabon fad kaurinsa milimita 10 zuwa 12 ne, fistin kuwa ya bi cin tsohon ya yi ta fitowa, don haka kalifa ba za ta hau kan sababbin ba sai an tura shi ya koma gida. Wancan karon da babbar sukudireba na yi, na cusa ta tsakanin tsohon fad da dis na yi ta ɓanɓara. Ya koma, ban ce bai koma ba. Amma har yau ga zanen da bakin sukudirebar ya bari a fuskar dis ɗin hagu, yau ma na sake ganinsa, raina ya sake ɓaci.

Wannan karon ina so in zaɓi kayan aiki da gaske. Kuma ba motata kaɗai ba ce. A-kori-kurar Kawu ma tana jiran fad ɗin gaba, ƙanwata kuma tun watan jiya take min mitar tata. Mota uku, kuma ina zargin kalifa iri uku ko huɗu. Zan riƙa rubuta abin da na gwada a nan, saboda na san halina, bayan shekara biyu zan manta in sake maimaita kuskuren.

Talata, 11 ga Maris

Ban taɓa mota ba yau, takarda da biro na riƙe.

Na auna fistin ɗin gaba ranar Asabar, faɗinsa milimita 57. Kalifar gaba irin mai zamiya ce, fistin ɗaya a gefen ciki, jikin kalifar yana zamewa a kan sanduna biyu ya jawo fad ɗin waje. Ma'ana fistin ɗaya ne ke cike giɓin cin fad biyu. Idan kowanne ya ci milimita 8, fistin ya fito milimita 16. Fuskarsa kusan murabba'in santimita 25 da rabi ce, idan ka ninka da wannan tafiyar sai ka samu wajen mililita 41 na man birki da zai koma sama daga taya ɗaya. Biyun gaba sun haura mililita 80, wato cikin sirinji mai cin 20 sau huɗu. Wannan man ba ɓacewa zai yi ba, kofin da ke kan masta, famfon da fedar birki ke dannawa, zai koma. Ni kuma da hannuna na ƙara mai a kofin nan wata uku da suka wuce, da na ga ya yi ƙasa. Ashe ba yoyo yake ba, fad ne ke cinyewa man yana bin fistin. Sai na nemi sirinji kafin Asabar, don man birki yana cin fenti.

Abu na biyu da na yi shi ne kwanciya a ƙasa da tocila na duba kalifar baya. Wayar hambirki kai tsaye ta zo ta kama wani ɗan hannu mai sifirin a bayan kalifar. Na leƙa fuskar fistin ta gefen fad, ga wasu tsagu biyu a jiki. To, wannan ba irin wanda ake turawa kai tsaye ba ne. A cikinsa akwai sanda mai tiredi da wani noti da ke bin cin fad yana warwarowa, shi ne ke sa hambirki ya ci gaba da kamawa ko fad ya yi siriri. Hanya ɗaya yake tafiya da kansa, waje. Idan za a mayar da shi sai an murɗa ana dannawa lokaci guda. Wanda ya sa masa matsi kai tsaye, ko dai ya ƙi motsi, ko a lalata abin da ke ciki.

Ba kowace mota mai dis a baya ce haka ba. Akwai waɗanda hambirkinsu ɗan ganga ne a ɓoye cikin tsakiyar dis, da nasa ƙananan lainin. Irin waɗannan fistin ɗinsu sumul yake, turawa kawai ake yi kamar na gaba. Da na san inda wayar hambirki ta nufa tun farko, da na san rabin abin da zan saya.

Asabar, 15 ga Maris

Gaba ya kammala, amma da labari.

Na fara da zuƙe man kofin har ya sauko kusa da layin ƙasa, na ɗora murfin sama-sama, na kewaye shi da tsumma. Na kwance kalifar hagu na rataye ta da waya a jikin sifirin, don ba a barin nauyinta a kan tiyo. Na kawo kilam ɗin kafintoci, mai siffar harafin C, wanda ya daɗe a akwatina. Shi ne abin da kusan kowa ke cewa ya isa, kuma kusan kowa yana da shi.

Kafin in matsa sai na manna maganaɗisu a jikin fistin ɗin. Bai kama ba. Na ƙwanƙwasa shi da farce, sautin ba na ƙarfe ba ne. Irin fistin ɗin nan ne na taurarriyar roba da ake ce wa fenolik, ba ya tsatsa, ba ya kai zafi ga mai da sauri, amma yana ɓantarewa idan ƙarfe ya cije shi a gefe. Nan na gode wa Allah da wancan karon sukudirebar ba ta same shi kai tsaye ba. Na ɗora tsohon fad a kan fuskarsa, ƙafar kilam a tsakiyar fad ɗin, ɗaya bakin a bayan kalifa.

Matsalar kilam a bayan kalifa take. Wurin ba shimfiɗaɗɗe ba ne, ga ƙusumbi, ga kan notin da ya riƙe tiyo a daidai inda ya kamata bakin ya zauna. Dole na karkata shi gefe. Da na fara murɗawa sai ya zame, sau biyu. A karo na uku ya kama, fistin ya fara shiga, amma ina ganin fad ɗin ya karkace, gefe ɗaya ya riga ɗaya. Na sassauta, na gyara, na sake. Fistin da ya shiga a karkace yana cizon bangon silinda, kuma daga hannun kilam ba ka iya bambanta cizo da taurin da aka saba. Hannu uku aikin ke so, ɗaya na kalifa, ɗaya na fad, ɗaya na murɗi. Ya shiga dai a ƙarshe, bayan minti kusan ashirin.

A dama sai na gwada wanda na aro wurin maƙwabcina. Abu ne mai sauƙi ƙwarai, faranti ɗaya na ƙarfe da sanda mai tiredi ta ratsa tsakiyarsa, da marfin murɗawa a kai. Farantin yana jingina da yatsun kalifa na waje, ta ciki, sandar tana tura tsohon fad. Duk aikin a cikin bakin kalifa yake, babu ruwanka da bayanta. Ya zauna a tsakiya da kansa. Da yatsu uku na murɗa, kuma abin da ya fi burge ni shi ne ina jin fistin ɗin a hannuna, ɗan tauri da farko kafin robar ciki ta sake shi, daga nan tafiya sumul har ƙasa. Bai kai minti biyu ba.

Saura kaɗan in yi abin kunya. Na gama ɗaurawa, na sauke motar, na tayar, har na sa hannu a giya sai na tuna. Na taka birki, feda ta tafi salamun-salamun kamar ba komai a ƙarƙashinta. Haka ne mana, fistin biyu suna can ciki, ba su taɓa fad ba. Na yi ta bugawa gajere-gajere, ban kai ta ƙasa ba, saboda a tsohuwar masta robar na iya shiga wurin da ba ta saba zuwa ba ta haɗu da datti ta yage. A bugu na bakwai ko takwas feda ta yi tauri.

Lahadi, 16 ga Maris

Kawu ya zo duba aikin, don ya san tasa ce a layi. Shekarunsa da yawa yana gyaran mota kafin gwiwa ta zaunar da shi. Ya leƙa kofin mai, ya ɗaga sirinjin jiya a rana, ya girgiza kai.

"Wannan baƙin man ka tura sama?"

Na ce, "Kawu, ai na zuƙe na kofin kafin in fara."

"Na kofin ka zuƙe. Na cikin kalifa fa? Shi ne ya fi shan zafi, shi ne a ƙasa, duk wani datti can yake kwanciya. Ka ɗauke shi ka bi da shi ta cikin ABS, na'urar nan da ke hana taya kullewa in an taka birki. Ƙofofin cikin nan fa kamar kafar allura suke, ɗana."

Abin da yake so shi ne a buɗe nifil, ɗan kusan nan na fitar da iska, a sa masa siririn tiyo mai nuna ciki zuwa kwalba, sannan a tura fistin, man ya fita waje maimakon ya koma. Na ce masa tsorona biyu ne, iska ta shiga, ko nifil ɗin da ya yi shekaru ba a taɓa ba ya karye a hannuna. Ya ce na biyun gaskiya ne, a jiƙa shi tun dare, a kama shi da sifana mai zobe ba mai buɗaɗɗen baki ba. Na farkon kuwa, a ɗaga tiyon sama kafin ya gangara kwalba, kuma a rufe nifil tun hannu yana kan matsi.

Na san masu gyara da yawa ba sa buɗewa, kuma motocinsu suna tafiya lafiya. Ban ɗauka tura man baya sau ɗaya zai kashe ABS ba. Amma man nan ya haura shekara uku, kuma masu ƙera motoci da dama shekara biyu suke cewa. Irin man da ake ce wa DOT 4 ne, sabonsa ba ya tafasa sai ya kai digiri 230 a ma'aunin Salshiyas, amma yana shan danshin iska, idan ruwan cikinsa ya kai kashi 3.7 cikin ɗari ƙa'idar ta sauko zuwa 155. Tunda dole in canza shi, babu dalilin yin gardama. A baya zan buɗe nifil, in na gama in wanke layin gaba ɗaya.

Wannan shawarar ta shafi zaɓin kayan aiki fiye da yadda na zata. In hannu ɗaya zai kasance a kan sifanar nifil, kilam mai son hannu uku ya fita daga lissafi.

Laraba, 19 ga Maris

Abin murɗa fistin ɗin baya ya iso. Na zaɓi ƙaramin, wani dunƙulen ƙarfe kamar ɗan ludo, kowace fuska da haƙoranta daban, da rami na shigar racet mai inci 3/8. Na ce mota ɗaya ce ke buƙatarsa, me zai sa in kwaso akwati guda.

Asabar, 22 ga Maris

Garin neman gira na rasa ido.

A cikin fuskoki shida ɗaya ce ta yi kusa da tsagun fistin ɗina, ita ma ba ta zauna daram ba, haƙoran sun ɗan fi tsagun siriri. Na cire kalifa, na sa ɗan ludon a racet da sandar ƙari, na fara murɗawa dama. Fistin yana juyawa, amma ba ya shiga. Sai an danna da ƙarfi yayin juyawar. To da me za a danna? Kalifar tana lilo a waya. Na riƙe ta da hagu, na danna da dama, ta kuɓuce. Na cire dis, na mayar da kalifar mazauninta da noti ɗaya don ta tsaya, na sa kafaɗa. Ya ɗan shiga, zagaye biyu ko uku. Ina cikin jin daɗi haƙoran suka tsallake, hannuna ya daki ƙarfen, fatar yatsu biyu ta tafi, ɗan ludon kuma ya sauka a kan robar da ke kare fistin daga ƙura.

Na goge na duba da tocila. Tsaga ce ƙarama, ba ta kai tsawon farce ba. Zuciyata ta ce a rufe, wa zai gani. Amma ta wannan tsagar ruwa zai shiga, bayan damina ɗaya fistin ya yi tsatsa ya maƙale, a dawo ana sayen kalifa sukutum. Fistin ɗin baya na ƙarfe ne, maganaɗisu ya kama shi.

Laifin ba na ɗan ludo kaɗai ba ne. Robar ta bushe ta manne a wuyan fistin, tana murɗewa tare da shi tun kafin zamewar, ni kuma ban lura ba saboda duk hankalina yana kan dannawa. Da na ɗaga leɓenta na ɗan shafa giris na silikon, da fistin ya juya a cikinta ita tana tsaye. Na tabbata a motar da fistin ɗinta yake sabo, kuma haƙoran suka dace, abin nan zai yi aiki. A tawa dai bai yi ba.

Na ajiye motar a kan madogarai. Na yi odar robobin gyaran kalifa da kuma akwatin da na raina ranar Laraba.

Alhamis, 27 ga Maris

Akwatin ya zo. Sanduna biyu masu tiredi, ɗaya na dama ɗaya na hagu, farantin jingina, da fayafai masu haƙora iri-iri, kowanne da lambarsa. Dabarar ita ce wadda na rasa ranar Asabar: farantin yana tokare da yatsun kalifa, don haka duk zagayen da ka yi sandar tana juya fistin tana kuma tura shi, ba kafaɗarka ba. Sandar hagu ta wasu motoci ce da fistin ɗinsu ke shiga ta hagu, a wasu ma gefe ɗaya kawai. Na duba littafin gyaran motata, duka biyun dama ne.

Rabin fayafan nan ba zan taɓa amfani da su ba har abada. Na kai su wurin kalifa ɗaya bayan ɗaya, na samu wanda ya zauna babu wasa, na sa masa ɗigon fenti. Akwai kuma wani faifai sumul marar haƙori, wanda ke mayar da sandar ta zama irin abin maƙwabcina na tura fistin ɗin gaba. Da na san haka, da wannan akwatin kaɗai na fara saye.

Asabar, 29 ga Maris

Baya ya kammala.

Na fara da gefen da ban lalata ba don in koyi hannun abin. Giris ɗin silikon a ƙarƙashin leɓen roba, ba giris ɗin bayarin ba, wancan yana kumbura robar birki. Tiyo a nifil, kwata ɗin zagaye na buɗe. Akwai ɗan wayo a ciki: tiredin sandar da na cikin fistin ba taku ɗaya suke ba, don haka bayan zagaye biyu sai ka ji ko dai ya yi sako-sako ko ya ɗaure tamau. Sai ka gyara notin da ke bayan farantin kaɗan, ka ci gaba. Da ya ɗaure sosai na ɗauka fistin ne ya ƙi, ashe abin ne ya matse kansa. Man da ya fito cikin kwalba baƙi ƙirin, da wasu ƙananan ɓarɓashi. Na ɗauki hotonsa don Kawu, ko da yake na san abin da zai ce.

Abin da saura kaɗan ya wuce ni shi ne ɗan ƙurjin ƙarfe a bayan fad ɗin ciki. Dole ya faɗa cikin tsagar fistin, shi ke hana fistin juyawa idan an ja hambirki. In bai faɗa ba, fad zai zauna a karkace ya ci gefe ɗaya. Na dawo da fistin baya kaɗan har tsagar ta daidaita da shi, na leƙa ta tagar kalifa na tabbatar.

Gefen da robar ta yage ya ci min sauran yinin. Na warware fistin ya fito gaba ɗaya, babu tsatsa, na canza robar ciki da ta waje, na jiƙa su da sabon mai, na mayar. Wannan robar ta ciki mai kusurwa huɗu, duk ƙanƙantarta, ita ce ke jawo fistin baya ɗan mitsitsi idan an saki birki, babu wani sifirin da ke yin haka. Daga nan bilidin tayoyi huɗu, wato fitar da iska da tsohon mai daga layin birki, matata tana kan feda ina ƙasa ina "taka, riƙe, saki". Na buga feda har ta yi tauri kafin in taɓa hambirki, sannan na ja shi sau goma. Na fita hanya marar cunkoso na zaunar da fad ɗin, daga gudun kilomita 60 in sauko kusan 10 ba tare da tsayawa cik ba, sau takwas, sannan na yi tafiya don su huce.

Asabar, 5 ga Afrilu

A-kori-kurar Kawu. Kalifar gaba mai zamiya ce ita ma, amma fistin biyu ne a jere. Na sa tsohon fad, na sa sandata a tsakiya, sai fad ɗin ya fara lanƙwasa kai: ɗaya yana shiga, ɗaya yana leƙowa. Mai ɗaya suke sha, ka danne wannan ya gudu wurin wancan.

Dama na yi tanadi. Na aro irin mai racet, faranti biyu masu faɗi da ke buɗewa idan kana kaɗa hannun, suna rufe fistin biyun lokaci guda. Irinsa ake so ga kalifa marar zamiya ma, mai fistin huɗu ko shida suna fuskantar juna, don yana tura gefe biyu tare. A hagu ya yi abin mamaki, kaɗawa kaɗan komai ya koma. Har na fara tunanin in mayar da akwatina in sayi wannan.

A dama na manta ban buɗe nifil ba, saurin hagu ya ruɗe ni. Na kaɗa, ya yi nauyi. Na ƙara ƙarfi, ya ɗan tafi. Hannun abin dogo ne, in na sa jiki zai tafi ko yana so ko ba ya so, kuma har na gyara tsayuwa zan sa. Kawu yana zaune a kujera yana kallo.

"Dakata. Ɗaya gefen haka ya yi maka?"

"A'a, Kawu, wannan ya ɗan fi tauri. Bari in ƙara masa kaɗan."

"Kar ka ƙara. Cire wannan, kawo naka na murɗawa."

Na sa sandata da wani ƙarfe mai kauri a kan fistin biyun. Da yatsu ba ta motsi sam. Ya ce in buɗe nifil. Ina buɗewa mai ya yi tsartuwa, fistin biyun suka tafi kamar ana jan su. Na rufe, na buga feda suka fito, na sake gwadawa a rufe, tauri ya dawo.

Ya ce, "Ka gani? Fistin lafiyarsa ƙalau. Da shi ne ya maƙale, ko ka buɗe ba zai tafi ba. Hanyar komawar man ce a toshe."

Tiyo ne. Daga waje babu tsaga babu kumburi, amma cikinsa ya ruɓe ya zama kamar ƙofa mai buɗewa gefe ɗaya. Ƙarfin feda yana tura mai ya wuce, dawowa kuwa sai a hankali. Sai a lokacin Kawu ya ce ai motar ta jima tana ɗan ja dama, kuma wilin nan yana fin ɗaya zafi. Na duba tsofaffin fad, na dama sun fi na hagu cinyewa ƙwarai. Duk shaidar tana gabana tun safe.

Da na sa jiki a mai racet ɗin nan, da fistin sun koma, na ɗaura sababbin fad, mun yi murna, bayan wata biyu su ƙone. Abin yana da kyau, yana da sauri, wanda ke yin mota goma a yini dole ya so shi. Amma dogon hannunsa yana shanye maganar da fistin ke yi. Na mayar wa mai shi da yamma, ban kuma yi odar nawa ba. Ga fistin biyu, sandata da guntun ƙarfe mai kauri sun isa.

Mun yi odar tiyo biyu, hagu da dama, don shekarunsu ɗaya. Motar tana kan madogarai.

Laraba, 9 ga Afrilu

An sa tiyo, an yi bilidin. Na yanka tsohon na dama a tsaye don in gani da idona. Robar ciki ta kumbura daidai inda maƙalin ƙarfe ya riƙe shi, ramin ya kusa rufewa. Kawu ya zagaya da motar ya dawo, ya taɓa wili biyun da bayan hannu, bai ce komai ba, ya miƙo min makulli in ajiye.

Asabar, 12 ga Afrilu

Motar ƙanwata. Gaba bai ɗauki awa ɗaya ba, fistin ɗaya, faifan sumul, nifil a buɗe. Na fara jin kaina gwani.

Baya kuwa babu wayar hambirki ko kaɗan. Maɓalli ne a kusa da giya, a bayan kowace kalifa kuma ga baƙin akwatin roba da wayar lantarki. Ƙaramin injin lantarki ne ke juya sanda mai tiredi tana tokare fistin ta ciki. Fuskar fistin ɗin ma akwai alamun tsagu, wanda zai iya ruɗar mutum ya ɗauko abin murɗawa. Ba a fara komai sai an umarci injin ya ja sandarsa baya, a sa motar a yanayin gyara. Bayan haka, a yawancinsu, tura fistin ake yi kai tsaye. In an gama a sake ba shi umarni ya rufe ya auna sabon kaurin. Wasu motocin ana shiga yanayin nan da jerin danna maɓalli da taka feda, wasu daga allon gaban direba. Na bi littafin tata shafi-shafi, ita sai da na'ura ta soket ɗin OBD mai ƙofa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari.

Ina da ƙaramar na'urar karanta laifin inji. Na jona ta, ta karanta inji, ta goge tsohon laifi guda, amma ba ta san akwai wani abu wai shi birkin ajiya ba.

Ƙanwata ta ce, "Yaya, ai na ga wani ya cire injin ya juya sandar da hannu, minti biyar ya gama."

Na ce na gani ni ma, har da masu jona masa batir kai tsaye. Yana yiwuwa, kuma yana yiwuwa a gama fitila ta kama a gaban direba, a koma neman na'urar da ake gudu. Da motata ce wataƙila in gwada. Na auna fad ɗinta na baya, milimita 4 da ɗan wani abu, za su kai ta mako biyu ba fargaba. Na mayar da tayoyin, na ɗaure su da sifanar awo.

Yanzu ina tsakanin biyu: in sayi na'urar da ta san birkin lantarki, ko in kai motar a buɗe min a rufe. Na rubuta wa masu sayar da iri biyu, na ba su samfurin motar da shekararta, na ce su tabbatar min a rubuce cewa tasu tana buɗe birkin baya na wannan motar, ba "yawancin motoci" ba. Ɗaya ya amsa da jerin da babu tata a ciki. Ɗayan shiru tukuna. Kafin amsar ta zo zan nemi cajar batir, don ba a so wuta ta yi ƙasa injin yana tsakiyar ja da baya, batir ɗinta kuma na ji yana jan ƙafa da safe.